Rasuwar Wayar Muttaka, Mai Teku a Cikinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, tare da sallamawa ga hukuncin Mai iko da kowane abu, mai rai da maras rai, Hayatu Mamuda na Garbadu, a madadin mahaifiyarsa Inna Taibatu da ɗaukacin gidan marigayi Malam Mamuda, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Talata Mafara da Bakura da Maradun rasuwar baƙar wayar ƙaninsa, wadda gari ya sani da Ta-Muttaka. Ta cika ranar Talata da hantsi a cikin injin casar shinkafa, bayan gajeriyar jinya da ta yi a cikin buhu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai dariya ya yi ta tun daga nan ya gama, don an san akwai ku. An ma ji wasu a teburin mai shayi suna tambaya ko yadi nawa za a yanko na likkafani. Ba a yi fushi ba, amma an shaida muryoyi. Wannan sanarwa ta waɗanda suke son sanin abin da ke cikin marigayiyar ce, da dalilin da ya sa magidanci mai gemu da gonar albasa ya zauna a ƙofar inji ranar kasuwa ya yi kuka bai ji kunyar kowa ba.

Babu wanda ya san shekarunta na haihuwa. Ta hannu ce, Muttaka ya sayo ta a Gusau, ta iso da tsaga a kusurwar hagu da hoton karen wani Bature da har yau ba a san sunansa ba. Ta kasance mai haƙuri da rana, mai riƙon caji daidai gwargwado, ba ta taɓa katse wa mutum magana ba sai in layi ne ya gwada halinsa. Ta haska wa mata madafi, ta kira mai allurar dabbobi lokacin da tumaki suka kama zawo, ta ɗauki hoton albasa an tura wa dillalai a Kudu. Aibinta ɗaya, in ma aibi ne, takan ɗauki zafi idan an daɗe ana aiki da ita, har sai an jingine ta a gindin randa ta huce.

Amma ba don waɗannan ake makokinta ba. A cikinta akwai teku. Wani wasa ne Dikko mai gyaran waya na kasuwar Mafara ya saka wa Muttaka: jirgi ya nutse, mutum ɗaya ya tsira, ba tudu ba tsibiri, ruwa ne gabas da yamma. Dole wannan bawan Allah ya riƙa nutsawa ƙasa yana tsinto abin da zai rayu da shi. Ya kamo kifi ya ci, ya tace ruwan gishiri ya sha, ya fasa duwatsu ya ciro tagulla, ya kwaso tarkacen ƙarfe, ya yanko doguwar ciyawa ya murza igiya, sannan ya kai su wani akwati da ke manne a bangon 'yar mafakarsa, wanda yakan haɗiye su ya fito da wuƙa, ko fitila, ko tukunyar iska ta goyawa a baya. Iskar nan kuwa a aune take. In ta kusa ƙarewa marigayiyar takan kama wani kuka, ƙit, ƙit, ƙit, yana ƙara sauri, wanda har kajin gidan sun haddace shi. Shi kuma Muttaka, da yake mutum ne da ba ya son abu mai sauƙi, sai ya zaɓi irin wasan da ake yi da rai ɗaya tak. In mai nutson ya mutu, to ya mutu ke nan, gida da kaya da duk wahalar da aka sha sun tafi tare da shi.

A wancan lokacin Hayatu bai ɗauki abin da wata daraja ba. Shi ne babba, shi ke riƙe da gandu tun rasuwar mahaifinsu, kuma yakan tsaya a kan ƙanen nasa ya ce wai mutumin da bai taɓa ƙetare dam ɗin Bakolori a kwalekwale ba shi ne yau sarkin teku, ya tashi su je su cire ciyawa. Muttaka sai ya ƙyalƙyale da dariya ya miƙo masa allon, ya nuna masa ɗakin da ya gina a ƙarƙashin ruwa, da tagar gilashi, kifaye na giftawa. A lokacin yana cikin haɗa wani ƙaramin jirgi ne da zai fitar da mutumin daga tekun gaba ɗaya. Komai ya samu sai abu ɗaya, wani jan dutse, wanda gurbinsa ya rage wayam a jikin hoton jirgin.

Ranar da zai tafi kasuwar Maradun sayo irin gyaɗa, Muttaka ya yi abin da kowane mai hankali ke yi a kan wannan hanya. Ya bar babbar waya a gida ya ɗauki ƙarama mai tocila, domin mutanen daji da wayar mutum suke auna arzikin gidansu. Ya danƙa babbar a hannun wansa a zaure yana gyara zaman hularsa.

"Yaya, ga mutumina nan. Ka riƙa ba shi ruwa da abinci, kada shi mutu kahin in komo."

Da wasa ya faɗa, yana dariya. A hanyar dawowa aka tare motarsu. Waɗanda aka kwasa tare da shi sun yi ta fitowa ɗaya-ɗaya, wani kafin shuka, wani sai bayan girbi, kowa ya dawo da rabin jikinsa. Muttaka bai fito ba. Ba a ga gawa ba, ba a ji murya ba, ƙaramar wayar kuwa ta daina shiga tun a makon farko.

Daga nan maganar wasa ta zama amana. Hayatu bai iya Turanci ba, kuma yatsunsa na fartanya ne, kaushi ya sa wani lokaci allon ba ya jin su sai ya lasa. A farkon kamun da ya yi wa marigayiyar saura ƙiris ya kashe mutumin da ƙishirwa alhali yana tsakiyar ruwa. Dikko ya zaunar da shi ya nuna masa inda ake dannawa, ya kuma rantse masa da girman Allah cewa da zarar an rufe wasan komai yakan tsaya cik, mutumin ba ya jin yunwa, ba ya jin komai, ko shekara za a yi. Hayatu ya saurare shi har ƙarshe, ya yi godiya, bai yarda ba. Ya yi kiwo tun yana ƙarami, kuma a saninsa duk abin da ke jin ƙishirwa yana jin ta ko ana kallonsa ko ba a kallonsa. Saboda haka kowace safiya, bayan ya fito daga masallaci, kafin ya sa koko a bakinsa, sai ya shayar da mutumin Muttaka.

Tun da ba ya iya karanta sunayen abubuwan, sai ya raɗa musu nasa. Baƙaƙen ƙwallayen da ke taruwa a gindin duwatsu, waɗanda ake yin batir da su, kashin awaki. Faffaɗan ganyen da ake ɗaure rauni da shi, kunnen jaki. Wata mai tumbi da in an fasa ta takan saki kumfa a shaƙa a ƙara numfashi, albasar ruwa. Akwatin bango ya zama maƙera, akwatunan ajiya suka zama rumbuna. Ya noma tekun nan kamar yadda yake noman fadama. Ba ya kwashe wuri ƙaf, yakan bar iri. Kwarin da ya ɗiba yau yakan ƙyale shi ya huta. Ya san farin dutsen da ake narkawa a yi gilashi ya fi yawa inda yashi ya kwanta, tagulla kuwa sai a jikin ganuwar da rana ba ta kaiwa. Ita zinariya, wadda ta sa rabin samarin jihar nan suka shige ramuka, a can zube take kamar tsakuwa. Ya tara ta har ta cika rumbu biyu, ya rasa me zai yi da ita.

Sai kuma darma. Ranar da Dikko ya fassara masa cewa wannan toka-tokan dutsen darma ce, Hayatu ya janye hannu kamar ya taɓa murhu. Duk ɗan Zamfara mai shekarunsa ya ji abin da darma ta yi wa ƙananan yara a ƙauyukan haƙo. Ya ce wallahi ba zai sa ta a jakar amanar ƙaninsa ba. Ashe kuwa rigar shiga zurfi ba ta haɗuwa sai da ita. Haka ya kwashe damina guda yana kewaya ruwan sama-sama, yana juya duwatsun da ya riga ya juya, har ya gane da kansa cewa jan dutsen ba ya nan, yana can ƙasa inda duhu yake. Da ya ga ba makawa ya ɗauko ta, amma sai da ya gina mata ɗaki daban nesa da inda mutumin ke kwana, kuma da ya ajiye wayar ya wanke hannunsa na gaskiya da sabulu. An yi masa dariya a kan wannan ma, kuma masu dariyar ko tunkiya aka ba su ajiya da tuni sun kai ta kasuwa.

Inna Taibatu ba ta taɓa kallon allon ba. Ta ce shirme ne, kuma idonta ba na wannan ba ne. Amma in Hayatu ya shiga gaishe ta da safe, aka yi gaisuwa har ƙarshenta, an tambayi kwana da gajiya da sanyin ƙafa, takan kau da kai gefe ta tambaya a hankali.

"Wanga na cikin ruwa, ya kwana lahiya?"

Sai ya ce lahiya lau. Ta ce to madalla, ta ci gaba da jan carbinta.

Hamdiyya, matar Muttaka, ita ba ta tambaya. Ita ba mai miji ba, ba mai takaba ba. Ba ta ƙunshi, ba ta zuwa biki, kuma ba ta da ikon zama a zo a yi mata gaisuwa. Ta kama sana'ar gumi don ta riƙe kanta: ta sayi shinkafa shanshera mai ɓawo, ta jiƙa, ta turara a tukunya, ta shanya ta bushe, a kai inji a cashe ta sayar. In ta jiyo ƙit-ƙit ɗin nan daga zaure sai ta tura ice a murhu ko ta shige ɗaki ta saki labule.

Dole a faɗi wannan ko da ba daɗi. Akwai wani mutumin Bakura cikin waɗanda suka fito daga daji. Ya zo har gida da ƙafafu a kumbure, ya zauna a zaure, ya ce ya bar Muttaka kwance da zazzaɓi a gindin wata kirya ba ya iya ɗaga kai, kuma da aka tashe su aka sauya musu wuri bai ga an taho da shi ba. Ya ɗaga hannu zai yi addu'ar da ake yi wa mamaci. Hayatu ya tambaye shi ko ya ga gawa. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko ya taɓa jikin ya ji sanyi. Ya ce a'a. Sai Hayatu ya ce masa ya tashi, ya naɗe tabarmar da yake zaune a kai, ya nuna masa ƙofa. Liman ya zo ya yi nasiha. Kawunnan Hamdiyya sun zo a kan a je gaban alƙali a san matsayinta. Kowa ya sha ruwa ya koma da amsa ɗaya. Hayatu bai taɓa cewa da bakinsa ran ƙaninsa yana rataye da wani mutum na cikin waya ba. Yana da karatu daidai nasa, ya san wannan saɓo ne. Abin da yake cewa kawai shi ne an ba shi ajiya, ajiyar tana raye, mai ita bai zo ya karɓa ba, shi kuwa ba zai karɓi gaisuwar mutuwar wanda yake riƙe wa ajiya ba. Muddin mai nutson nan yana numfashi, babu mai shimfiɗa tabarmar makoki a ƙofar gidan Malam Mamuda.

Ya ci gaba da neman jan dutsen, domin ya ƙudurta a ransa cewa in Muttaka ya dawo zai tarar da jirginsa a haɗe. Ya neme shi a dajin doguwar ciyawa. Ya neme shi a cikin gangar jikin jirgin da ya nutse, yana bin ɗakuna masu duhu da 'yar fitila. Ya shiga kogunan da ba a ganin ƙarshensu, inda wani dogon abu mai baki kamar ƙofar rumbu ke gadi, wanda in ya yi gurnani marigayiyar takan kama kakkarwa a tafin hannu. Sau da yawa ya fito da numfashin ƙarshe, gumi na ɗiga daga gemunsa. Rani ya wuce, damina ta wuce, wani ranin ya shigo.

Ciwon ajali ya same ta ne a bakin aiki. Ran nan layin ban-ruwa ya zo kan Hayatu. Ya buɗe wa albasa ruwa, ya zauna a kan kwalbatin babban kanal yana jiran fangali su cika, ya ce bari ya leƙa wata tsaga da ya gani jiya kusa da inda ƙasan tekun ke fitar da tururi. Ya nutsa, ya ƙara nutsawa, ya wuce duk inda ya taɓa kaiwa. Sai ga shi nan manne a bango, ja wur kamar garwashi. Ya fasa, ya ɗauka. Marigayiyar ta yi ɗan kukan nan nata mai daɗi, tilin, wanda takan yi in an samu sabon abu. Iska ta yi ƙasa sosai, don haka ya juya ya kama hawa ba tsayawa. Ƙit, ƙit ya fara. Duhu ya soma sakin shuɗi, hasken sama ya fara bayyana can nesa.

Sai aka jiyo ƙarar babura daga gabas, masu yawa, a tare.

Wanda ba ɗan nan ba ba zai gane ba, kuma Allah ya sa kada ya gane. Mata masu cirar albasa suka zubar da kwanduna suka watse. Wani ya bar jakinsa da kaya ya faɗa cikin alkama. Hayatu ya zabura, wayar ta suɓuce, ta bugi bakin siminti, ta faɗa kanal. Ashe 'yan rakiyar ango ne za su ɗaurin aure Bakura, har da masu ɗaga hannu suna gaisuwa suna wucewa.

Hayatu ya faɗa ruwan da rigarsa da hularsa, shi da iyonsa bai wuce na kare kai ba. Ya yi ta lalube a cikin laka har Allah ya haɗa hannunsa da ita. Da ya ɗago ta allon yana nan da sauran haske, ruwa na yawo a cikinsa, kuma ya ga mutumin tsaye a tsakiya, bai koma ƙasa ba, bai kai sama ba. Ta yi ƙit guda ɗaya a hankali, ta ɗauke.

Ya ari wayar maƙwabcin gona ya kira Dikko. Dikko ya ce kada ya kunna, kada ya sa caji, ya binne ta a busasshiyar shinkafa ta tsotse ruwan, ya kawo ta ranar Talata, akwai sauran fata. Shawarar ba ta da laifi. Laifin daga nan ya fara, kuma Hayatu ya ce a rubuta shi yadda yake. Ya shiga gida a jiƙe ya ce santsi ne ya kwashe shi. Bai gaya wa kowa ba, domin yana tsoron tambayar safe. Ya shiga ɗakin ajiya ya yi ta cusa hannu a buhuna har gwiwar hannu, yana neman wanda ya fi bushewa, ya kuwa same shi: wanda Hamdiyya ta yi wa gumi ta shanya har ƙwayar na ƙaras a haƙori. Kai, jama'a! Kowa a Garbadu ya san buhun da ya fi bushewa shi ne mai jiran inji. Hayatu ya fi kowa sani, ya yi wannan aikin tun bai kai buhu tsawo ba, amma tsoro ya tafi da hankalinsa. Ya tura ta can tsakiya, ya maida ɗaurin yadda ya same shi don kada a gane an taɓa. Da safe Inna ta tambaya, ya ce lahiya lau.

Ranar Talata da sassafe aka aiko masa cewa ruwa ya ɓalle a gona. Ya tafi ya toshe, da niyyar ya dawo ya ciro ta ya wuce kasuwa. Da ya dawo sai ya tarar da shatin buhu a ƙasa, ba buhu. Ya tambaya. Hamdiyya ta amsa daga bayan labule cewa ai yau Talata, tun ɗazu mai amalanke ya kwashe su zuwa injin Umar, kamar kullum.

Waɗanda suka gan shi a kan hanyar Mafara sun ce ba su taɓa sanin babur ɗinsa na iya wannan gudun ba. Ya isa daidai lokacin da Umar mai inji ya kifa buhun a bakin mazurari. Ya yi ihu, amma a ɗakin inji ko mahaifiyar mutum ce ke kiransa ba ya ji. Maganar marigayiya ta ƙarshe, bisa shaidar waɗanda ke wurin, ita ce ƙaras, sannan ƙararas, sannan wani tas mai ƙarfi tare da shuɗin tartsatsi da hayaƙi mai ɗaci. Bel ɗin injin ya zame. Umar ya kashe inji yana tsine wa mai barin ƙusa a cikin hatsi. Farar shinkafa ta ci gaba da zubowa a daro da baƙi-baƙi a cikinta.

Iyali na shaida wa duniya cewa Umar ba shi da laifi, kuma ya yi halin girma. Da ya ji bayani ya rufe inji a ranar da ya fi ciniki, ya kwance shi da hannunsa. Matan da ke bin layi suka karɓi faifai suka bakace ta daga cikin shinkafa da buntu, ba wadda ta yi dariya. Abin da aka tara bai cika gwangwanin madara ba. Dikko ya baro rumfarsa ya zo ya yi ta juya gutsattsarin da ɗan hantsaki yana neman sashen da ke riƙe da ajiya, ya samu rabinsa. Wannan mutum tun da ya buɗe rumfa ba a taɓa jin ya ce waya ta fi ƙarfinsa ba. Ya cire gilashin idonsa ya ce, "Malam Hayatu, sai haƙuri." Don ya sanyaya masa rai ya ƙara da cewa zai iya saka masa wasan a wata wayar, teku ɗaya ne, duwatsu ɗaya, har jan dutsen yana nan inda yake. Hayatu ya tambaye shi ko mutumin ma shi ne. Dikko ya ce a'a, sabo za a ba shi. Nan ne Hayatu ya zauna a ƙasa.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai rauni a wuya, wadda ke ɗaure da zare, da abin kunne mai ji da ɓangare guda, da rigarta ta roba da aka tuɓe mata kafin a sa ta buhu, wadda ke rataye a ƙusa har yanzu da siffar jikinta. Layukanta biyu sun tafi tare da ita. Ta bar rumbu biyu na zinariya babu magaji, da ɗakin darma a rufe, da jirgi saura dutse ɗaya, da mutum guda a tsakiyar ruwa wanda babu mai iya cewa ya kai sama ko bai kai ba. Ta kuma bar buhun shinkafa da ba ya ciwuwa, domin Dikko ya ce abin da ke cikin batir guba ne, ko kaji kada a ba.

Da la'asar Hayatu ya shiga gida ya ɗora gwangwanin a kan turmi a tsakar gida, ya faɗi komai da ƙarfi yadda ɗakuna biyu za su ji, tun daga kanal har inji, har da ƙaryar da ya yi wa mahaifiyarsa. Ya roƙi Hamdiyya ta yafe masa shinkafarta. Ta fito ta daɗe tana kallon abin da ke cikin gwangwanin. Ta ce ita ce ta aika da buhun. Ya ce shi ne ya ɗaure bakinsa, ba ruwanta. Sai ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Yaya, na gaji da jira. Wallahi na gaji. Ka bar ni in yi kukan mijina kamar kowace macce."

Hayatu ba shi da sauran abin riƙewa. Can sai muryar Inna ta fito daga ɗaki, ba rawa a cikinta, ta ce a tahi gidan liman a aro tabarmi.

Ga yadda aka tsara jana'iza. An tuntuɓi liman, ya ce waya ba ta da wanka, ba ta da salla, kuma kada wanda ya kuskura ya yi wasa da wannan, iyali sun amince. Za a binne ta a cikin gwangwaninta ranar Alhamis bayan la'asar, a kan tudun bayan gida, nesa da rijiya, nesa da kanal, domin Hayatu ya ce sai wuri busasshe. Ba a buƙatar jama'a, shi da Dikko sun isa. Ranar Litinin Hayatu zai bi kawunnan Hamdiyya gaban alƙali tare da masu shaida, a yi abin da shari'a ta ce.

Zaman karɓar gaisuwa zai fara ranar Juma'a da safe a ƙofar gidan Malam Mamuda da ke Garbadu. Maza a waje, mata su shiga ciki wurin Inna Taibatu da Hamdiyya. Za a yi sadakar gumba. Ana roƙon masu tahowa daga Bakura da Maradun su taso da rana su koma da rana, su zo ɗaya-ɗaya ko bibbiyu, kada su haɗa ayarin babura.

Masu zuwa kada su wahalar da kansu wajen neman kalmar da ake faɗa wa wanda ya yi rashin waya, babu ita. Su faɗi wadda suka daɗe suna haɗiyewa duk lokacin da suka gamu da Hayatu a hanya. Su ce Allah ya jiƙan Muttaka. Ya ce zai amsa da amin.